Roƙon Ran Tsohon Direba

Mai ɗinki tana durƙushe tana auna bakin rigar wata yarinya, allura biyu a bakinta, sai ga autar ƙawarta ta faɗo shagon ba sallama, ko mayafi babu. Ta ce, "Gwaggo, Mama ta rasu." Wai ta kwanta ne bayan azahar tana cewa kanta na sara mata, shi ke nan ba ta tashi ba. Mai ɗinki ta zare allurorin daga bakinta a hankali, ta soke su a jikin tsumma, sannan ta zauna a ƙasa.

Marigayiyar marubuciya ce, mai littattafan labari. A bangon littafi akwai sunanta da hotonta, amma a unguwa Kunne ake ce mata. Mai ɗinki ce ta laƙaba mata, don ko tana tsaka da gaisawa da mutum, hankalinta yana wajen masu cacar baki a tsallaken titi. Ita kuma ta rama da kiran ta Uwar Zare. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, tun suna goyon 'ya'yan fari har suka fara furfura.

Kunne tana da wani lungu kusa da kicin inda take rubutu, da tebur mai gurguwar ƙafa da aka tokare da murfin gwangwani, da taga mai kallon igiyar shanya. Sai dai takan ce labari ba ya shigowa gida, fita ake yi a taryo shi. Da hantsi sai ta ƙwanƙwasa katanga da gindin ludayi. Uwar Zare ta kwashi aikin hannu, rigar da za a kalmashe ko maɓallan da za a ɗinka, su kama hanya. Yau bencin tashar mota, gobe rumfar masu gyaran waya, jibi layin asibiti.

Kowa da aikinsa. Uwar Zare, da yake Allah ya yi ta da baki, ita ke jan mutane da hira tana ɗinki. Kunne kuwa ta lumshe ido kamar mai gyangyaɗi, alhali ba abin da ke wuce ta. Wata rana sun shagala a layin asibiti har layi ya zo kansu. Likita ya tambayi wace ce ba ta da lafiya, Kunne ko kunya babu ta nuna ƙawarta. Aka ɗaura wa Uwar Zare abin awo a dantse, aka ce ta rage gishiri. Dariyar da suka yi a hanya sai da suka zauna a bakin kwalbati.

A hanyar komawa gida ne Kunne take saƙa labarin da baki. Uwar Zare ba ta yi nisa a makaranta ba, shafi ɗaya ke sa ta barci, don haka duk littattafan ƙawarta a kan ƙafa ta ji su. Ita ce kuma ma'auni. In ta ja ta tsaya cak a tsakiyar hanya, wurin ya yi, za a rubuta shi. In kuwa ta shiga gaisawa da masu wucewa, an zubar da shi ke nan. Maigidan Kunne yakan ce a daina yaudarar jama'a, a sa hoton ƙafar maƙwabciya a bangon littafi.

Littafin ƙarshe na wani tsohon direban bas ne da Kunne ta harhaɗa daga tsofaffin tasha. Mutum ne da ke lallashin motarsa in ta ƙi tashi, yana ce mata ranki ya daɗe, yakan kuma tsaya awaki su gama tsallakawa fasinjoji na ta masifa. Uwar Zare ta ɗauke shi tamkar kawunta. Kullum kafin ta tambayi lafiyar yara sai ta tambayi yadda tsoho ya kwana.

Ran nan suna dawowa daga tasha, Kunne ta ce a babin ƙarshe tsoho zai mutu a kan kujerarsa, hannunsa a kan sitiyari. Uwar Zare ta tsaya cak.

"Kin gani, kin tsaya," in ji Kunne, tana murna.

"Wannan ba tsayuwar daɗi ba ce, muguwa."

Ta lissafa mata waɗanda ta kashe a littattafan baya, da alƙali, da attajiri, da wata amarya da ba ta ji ba ba ta gani ba, duk ba ta ce uffan ba. Amma wannan bawan Allah me ya tare mata? Kunne ta ce labarin ne ya nemi haka, ba ita ba. Uwar Zare ta ce to labarin ya nemi wata ƙafar, tata ta yi yaji.

Washegari ludayi ya daki katanga, sai ƙarar keken ɗinki ta amsa. Kunne ta ja maigidanta suka fita, shi kuwa sauri yake kamar zai kama mota, kome ta faɗa ya ce ya yi kyau. Ta gwada auta, ita kuma idonta na kan waya, har ta kusa faɗawa rami. Daga baya Kunne ta aiko da sabon almakashi a matsayin ban haƙuri. Uwar Zare ta karɓa, ta ce a gaya mata yana da kaifi, amma ba fita. Ita ma fa abin na cin ta. Da hantsi ya yi sai ta ji shagon ya yi mata ƙunci, ta tsayar da keke ta kasa kunne ko za a sake bugawa. Duk da haka ta dake, don gani take in ta sa ƙafa waje, ita ta sa hannu a kashe tsoho.

Da safen ranar da Allah ya karɓi abarsa, Kunne ta zo shagon da kanta. Ta ture tarin ƙyallaye ta zauna, ta yi ta ƙorafin cewa an mayar da ita marainiya, rubutu ya tsaya, har teburin ya fara yi mata kallon banza. Uwar Zare ta ci gaba da taka keke tana danne dariya. Can Kunne ta kama ƙafar keken da hannu ta tsayar da shi.

"Na bar miki tsohonki. Zai ajiye tuƙi, ya koma gida da ƙafarsa."

"Ki rantse."

"Wallahi. Amma ba zai tafi a banza ba, sai na cire masa haƙori ɗaya."

"Na gaba ko na baya?"

"Na gaba mana."

"Haba ƙawata, mutum mai yawan dariya? Ki yi wa Allah, na baya."

Kunne ta miƙe tana kakkaɓe zare daga zaninta. "To, na baya. Gobe ki sa takalmin tafiya, babin yana da tsawo."

"Ke dai ki buga katanga, 'yar uwa. Ina nan."