Kafar da Karsun Ya Toshe

An haifi Karsun a wani ƙauye da ke gindin dutsen Slamet, a yankin Purbalingga, cikin gidan masu hawan bishiyar kwakwa suna tatso ruwan da ake dafa sukari da shi. Shi ma ya yi wannan sana'a har ranar da ya faɗo ya karya ƙugu, yana da shekara ashirin da shida. Da ya warke, wani kawunsa ya samo masa aikin gadi a wata makarantar sakandare da ke bakin gari, aka ba shi ɗaki biyu a bayan azuzuwa. A nan ya zauna da matarsa Sumirah shekara ashirin da tara, ba su da wani muhalli sai shi.

Dokar makarantar ita ce a rufe ƙofa ƙarfe bakwai daidai, wanda ya makara ya koma gida. Karsun bai taɓa ƙara wa kowa minti ɗaya ba. Sai dai a bayan rumfar kekuna akwai inda saiwar mangwaro ta tsaga katanga, ta bar kafar da mutum zai iya bi a durƙushe. Ya jingina tsohon kwanon rufi a wurin, ya ja bakinsa ya yi shiru. Masu bi ta nan yawanci 'ya'yan ƙauyukan kan tudu ne, waɗanda sai sun taya iyayensu sauke ruwan kwakwa kafin su kamo hanya. Sharaɗinsa ɗaya ne: a mayar da kwanon yadda aka same shi.

Saura shekara guda ya ajiye aiki sai ga Wening, tsohuwar ɗalibar makarantar, ta dawo da mutum shida da kyamara ɗaya. Fim ɗin barkwanci za ta shirya a kan ɗalibai huɗu da ba mai zama kusa da su a aji, cikinsu har da mai zuwa makaranta da agwagwa a jaka, da mai in'ina da ya dage sai ya zama mai karanta sanarwa. Shugabar makarantar, Bu Hartatik, wato Malama Hartatik a yarensu, ta amince. Wannan amincewa ce ta fara tayar wa Karsun hankali, domin ita ce matar da ta sallami mai shara saboda ya ara wa ɗalibi mabuɗin aji.

Wening ta iske shi a bakin ƙofa, ta kama hannunsa ta ɗora a goshinta don girmamawa, ta kira shi Pak, wato Baba.

"Pak Karsun! Wallahi ba ka canza ba, har hular ma ita ce." Ta rage murya. "Kwanon nan yana nan kuwa?"

"Wane kwano, 'yata?"

"Haba Pak! Shekara uku ina goge gwiwata a wurin."

"Ni ƙofa ɗaya na sani, ga ta nan kina kallo."

Ta yi dariya ta wuce. Shi bai yi ba. Kwana biyu yana lura da mai kyamara yana zagaya rumfar kekuna yana gwaje-gwaje, ya kuma ga shugaba ta riƙe takardun labarin ta shiga ofis da su. A lissafinsa, wa zai ɓata lokacinsa a kan yaro mai agwagwa? Shaida ake nema, kuma a kansa.

Ranar Asabar da hantsi aka yi walimar buɗe aiki. Aka kawo tumpeng, shinkafa mai kurkum da aka tsira kamar dutse, kewaye da ƙwai da soyayyar kaza. Kowa ya san ƙoƙuwar shinkafar ta babban mutumin wurin ce, shi ya sa Bu Hartatik ta gyara tsayuwa tun kafin a gama addu'a. Wening ta yanko ƙoƙuwar, ta wuce shugaba, ta wuce malamai, ta je har bayan taro ta miƙa wa Karsun faranti. Waɗanda suka halarta sun sha bamban a kan ko an yi tafi, amma duk sun yarda shugaba ta daɗe tana kallonsa.

"Me ka yi wa yarinyar nan haka, Pak?" in ji ta.

"Gadi kawai, Bu."

Ya kai farantin ɗaki bai taɓa ba. Sumirah ta duba shinkafar, ta dube shi.

"To ci mana. Shinkafa aka ba ka, ba sammaci ba."

"Ke ba ki gane ba. Nuna ni ta yi da yatsa a gaban matar nan."

"Kai ko ruwan sama ne ya sauko, cewa za ka yi turo shi aka yi."

"Idan aka watso mana kaya waje, kya yi wannan dariyar a bakin titi."

Ta ɗauki cokali ta cinye rabi.

Ranar Lahadi ba kowa a makaranta. Karsun ya kwaso ragowar bulo daga bayan ɗakin ajiya, ya kwaɓa siminti, ya toshe kafar tsaf. Ya shafe wurin da taɓo, ya kankaro gansakuka daga bakin rijiya ya manna, har sai da sabon ginin ya saje da tsohon.

Da safiyar Litinin aka kafa kyamara a bayan rumfar kekuna, domin a nan ne 'yan wasan huɗu za su fara haɗuwa, kowa na ƙoƙarin riga ɗan'uwansa kutsawa. Aka janye kwano, sai katanga. Wening ta buɗe baki, ta ga shugaba a tsaye, ta rufe.

"Me ya faru?" in ji Bu Hartatik. "Na karanta labarinku ai. Na ɗauka dama fasawa za ku yi, tun da makarantata ba ta da kafa. Pak Karsun, ɗauko guduma ka buɗe musu, in sun gama ka mayar."

A nan ne Karsun ya gane matar ba ta taɓa sanin komai ba. Ya ɗauko gudumar, ya sassauta hannu iya ƙoƙarinsa. Bugu ɗaya, bulo shida suka faɗa waje a jere. Shugaba ta sunkuya, ta lakato simintin, ta murza shi tsakanin yatsunta, ta kuma dubi ƙasar wurin da gwiwoyi suka goge ta yi sumul.

"Ikon Allah. Katangar shekara arba'in, amma siminti bai bushe ba."

"Daminar bana ce, Bu."

"Haka ne. Wannan karon idan ka toshe, ka bar shi ya bushe."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Karsun ya toshe kafar bayan mako biyu, ya kuma yi shekara guda yana jiran takardar sallama, yana leƙa fuskar duk wanda ya fito daga ofis. Takardar ba ta zo ba. Abin da littafin makarantar ya nuna kawai shi ne, daga zangon da ya biyo baya an ba ɗaliban ƙauyukan kan tudu izinin shiga har bakwai da rabi, ba a rubuta dalili ba. Ya ajiye aiki a kan lokacinsa, ya koma ƙauye da Sumirah.

Kafin ya tafi an nuna fim ɗin a zauren taron makarantar, ya tsaya daga bakin ƙofa ya kalla. Akwai maigadi a ciki, mai hula irin tasa, wanda tun daga farko har ƙarshe yake sharar barci a kan benci, ɗalibai na kutsawa ta bayansa, agwagwa na tsallake ƙafarsa, bai san abin da ake ciki ba. Wening ta ce haka ta rubuta shi tun farko, don kada wani ya ce da saninsa aka yi. Karsun bai karɓi wannan bayani ba. Har yau idan aka tambaye shi, cewa yake yi shekara talatin bai taɓa runtsawa a bakin aiki ba, kuma yana so ya san wanda ya sa Wening ta rubuta haka.