Akwatin Fuskokin Malam Sanda

Ina kasuwar Gidan Sori, na rataya labulen hoto ke nan, sai wani mai amalanken shanu daga Gidan Rumji ya tsaya ya ce, "Abdu, sai haƙuri. Malam Sanda Mai Hoto ya rasu da hantsi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda na naɗe labulen ba.

A hannunsa na koyi wannan sana'a, kuma har gobe ban kama ƙafarsa ba. Malam ba ya danna na'ura sai ya ja mutum da hira, ya tambayi gero, ya tambayi wake, har kafaɗa ta sauka. In manomi ya zo da babbar rigar aro yana ɗaure fuska kamar sojan jandarma, sai ya ce, "Tuɓe ta, ɗiyanka kai suka sani, ba riga ba." Shi ya sa in ka kalli hotonsa sai ka ji kamar ka gaida mai shi. Kuma bai taɓa manna hoton kowa a bakin shago ba. Yakan ce, "Fuskar mutum amana ce, aro ya ba ka." Fina-finan da ake wanke hotunan daga cikinsu kuwa, a akwatin ƙarfe yake kulle su.

Da aka buɗe siyasa, kowace jam'iyya shi take kira taronta. Ana nan sai wasu manya suka zo shago, wai suna son hotunan taron abokan hamayyarsu, don tarihi. Kowa ya san tarihin: a gane wanda ya je, a tsallake shi ranar rabon taki da iri. Ina tsaye Malam ya ce, "Mi za ku yi da fuskar da ba taku ba? Wanda ke ciki shi taho da ƙafa tai, in ba shi." Daga ranar suka bi ta ƙarƙashin ƙasa aka janye masa aikin hoton katin shaida, suka yaɗa cewa ya sayar da kansa. Shago ya mutu, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ko ɗayansu bai leƙo ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, su ne a gaba wajen zaman makoki, muryarsu ta fi ta liman wajen Fatiha. Ko sadakar uku ba a yi ba suka aika wa matarsa, Inna Rabi, wai za su adana mata akwatin. A ba kura ajiyar nama! Wallahi ban taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba, mace na takaba ana zawarcin akwatin mijinta. Ta bayan zana ta amsa wa 'yan aiken: "Ku gaida gida. Malam bai bar mani gadon fuskar kowa ba."

Da suka tafi ta miƙo mini makullin akwatin. Fim na mutum ɗaya ɗaya mai sauƙi ne: ina bin kasuwanni har Gangara, in ɗaga fim a rana, in gane mai shi, in ba shi abinsa. Wani tsoho ya duba nasa, ya ga baƙi ya koma fari, ya ce, "Ni na wanga fari fat?" Ya yi dariya, ya cusa cikin hula.

Na taro ne ba su da mai shi ɗaya, kuma muddin suna nan, ba za a bar gidan ya huta ba. Su ne mafi kyawun aikinsa, talakawa sun ɗaga hannu a fili, babu tsoro a fuskarsu. Ni da Inna Rabi muka zuba su a murhunta, da hannuna na tura itace. Ku da kuka sa muka yi haka, ban yafe ba tukuna, Allah na gani.

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Sanda, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsare su daga masu ta'aziyyar baki. Ya rufa wa bayinKa asiri har ya koma gare Ka, Ka rufa masa nasa. Amin.