Ayar Yakuba a kan Jabal Musa: ta'aziyyar Malam Alhusaini

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, uku ga Fabrairun 1987, Allah Ya karɓi ran Malam Alhusaini Damagaram a gidansa da ke Dokki, nan Alkahira, bayan jinyar ciwon ƙirji. Ni ke kula da ɗalibanmu da ke zuwa karatu daga gida, shi kuma shi ke sauraron haddarsu kowace Alhamis. A haka muka yi shekaru tare.

Malam, duk sabon ɗalibin da ya sauka a garin nan da 'yar rigarsa ta shadda, kai ne kake jansa kasuwar gwanjo ka zaɓa masa rigar sanyi. Idan ya ce ta yi masa yawa, sai ka ce ma'alish, ba komai, ful ɗin Masar, wato dafaffen wakensu, zai cika ta. Amma a zauren karatu ba ka da sassauci a kan abu ɗaya. Karatun zagaye ake yi, kowa aya ɗaya, kuma idan wani ya maƙale ba ka yarda na kusa da shi ya ɗauke masa. Sai dai a jira. Ɗalibai sun sha kawo mini ƙararka a kan haka, musamman saboda Yakuba, wani ɗan Gusau mai nauyin hadda, wanda akan zauna jiransa har shayi ya huce. Ni ma na taɓa roƙonka ka sassauta. Ka yi murmushi, ka ce mini ayar mutum tasa ce.

A Janairun 1984 muka kwashi ɗalibai zuwa Sina'i don su ga Jabal Musa da idonsu, dutsen da suka daɗe suna karanta labarinsa. Yawancinsu ba su taɓa ganin ƙanƙara kwance a ƙasa ba. Wani ɗalibi, Habu, har ya cika aljihunsa da ita wai zai kai tsaraba. Mun hau lafiya, mun yi sallar azahar a sama, yatsu na ƙin lanƙwasuwa don sanyi. Muna fara saukowa sai hazo ya taso daga kwari, fari, mai jiƙa tufafi. Kafin mu ankara, mutum ba ya ganin wanda ke gabansa. Hanyar kuwa matakala ce ta dutse, mai santsi, ga rami a gefe. Jagoranmu, wani Balarabe ɗan yankin, ya ce tsayawa ta fi tafiya haɗari, domin sanyin yamma kisa yake yi.

Nan ka jera mu, jagora a gaba, kai a tsakiya, ni a ƙarshe. Ka ce za mu sauka da karatu, surar da ta ba da labarin Annabi Musa, kowa aya ɗaya bisa jerin da yake, da murya sama. Ka ƙara da cewa dokar Alhamis tana nan.

Ban taɓa jin karatu irin na ranar ba. Ba fuska, sai muryoyi suna gangarowa cikin farin hazo, ɗaya bayan ɗaya, haƙora na kaɗawa amma harafi bai faɗi ba. Mun yi nisa a haka, sai karatu ya zo kan Yakuba, aka ji shiru. Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa, don an saba. Habu, wanda ke bin sa a jeri, ya buɗe baki zai rufa masa asiri, sai muka ji muryarka:

"Habu, bar masa ayarsa. Kowa ya tsaya inda yake."

Aka kira sunansa, ba amsa. Ashe ya zame tun baya, ya faɗa wani lungu a gefen hanya, mu na bayansa muka wuce ba mu gan shi ba. Da Habu ya ɗauki ayar nan, da sai mun kai ƙasa za mu san babu shi.

Ka ce da ni in riƙe yara, ka ɗauki jagoran kuka koma sama. Muna tsaye muna jin ka kana maimaita ayar da ke gaban tasa, kana yi kana saurarawa, muryarka na ƙara nisa. Can sai wata murya siririya ta ɗauka daga inda ka tsaya. Ba gargada, ba kuskure ko ɗaya. Ka dawo da shi goye, ƙafarsa a karye, rigar sanyinka a jikinsa. Da ka sauke shi, abin da ka fara ce masa shi ne, ashe sai an jefa shi rami haddarsa ke zama.

Yakuban nan yau shi ke sauraron haddar sababbin ɗalibai. Ina alfahari da shi, ina alfahari da cewa na yi zamani da wanda ya rene shi.

Alhamis ɗin da ta wuce mun taru a zaurenka kamar kullum. Karatu ya zagayo har wurin da kake zama, sai aka yi shiru. Ba wanda ya iya ɗauka. Mun daɗe a haka, har Hajiya Azara, mai ɗakinka, ta yi magana daga bayan labule:

"Yakuba, ɗauki, ɗana. Wannan ba ɓata ya yi ba, gida ya tafi."

Ya ɗauka, karatu ya ci gaba.

Allah Ya jiƙanka, Malam Alhusaini. Ya sa kowane harafi da ka saurara ya zame maka haske a kabari, Ya kai ka gidan da babu sanyi babu tsoro. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Azara da 'ya'yanku, Zeinabu da Muhammadu, da 'yan'uwa na Damagaram, da ɗalibanka na Nijar da Najeriya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.