Hanyar Tafki Da Ba Ta Shiga Ciniki Ba

Cikin shekarun da na yi ina aikin injiniya a Doha, ban taɓa mantawa da ranar da wani tsoho ɗan ƙasar Denmark ya shigo ofishinmu na Al Sadd ba. Lokacin ko'ina ka duba gini ake yi. Ya zo ne ya sayar wa wani attajirin Qatar gidan gonarsa na bakin tafki can ƙasarsu, ni kuma aka ɗora mini zanen gyaran gidan. A ƙa'idarmu, ba a sa hannu sai mai saye ya ga zane ya amince.

Tsohon ya ba mu tarihin gidan yana nuna hotuna. Malaman coci ne suka gina shi, sarki ya ƙwace ya ba wani jaruminsa, daga baya ya koma hannun wani mai fataucin katako, sannan kakansa. Yanzu rufi na yoyo, ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa sun tare a birni.

Ni kuwa, da idon Doha inda ake kewaye gida da katanga, na zabga katanga a zanen har bakin ruwa. Tsohon ya ɗora yatsa kan wani siririn layi da katangar ta datse.

"Wannan hanyar 'yan ƙauye ce zuwa tafki," in ji shi. "Sarki bai toshe ta ba, kakana ma haka."

"Tana cikin filinka?" attajirin ya tambaya.

"Tana ciki. Amma ba tawa ba ce."

"Baba, ina da mata da 'ya'ya mata. Ba zan zauna inda kowa ke ratsa tsakar gidana ba."

Manajanmu ya dube ni. "Yalla, Injiniya Sabi'u, nemo mafita."

Na ja katangar baya, na gwada shingen bishiyoyi. Duk yadda na juya, ko dai hanya ta mutu, ko iyali su rasa sutura. Attajirin ya miƙe ya ce, "Khalas," wato ya fasa cinikin, ba tare da fushi ba. Tsohon ya tattara hotunansa, ya koma ga rufinsa mai yoyo. Wallahi na tausaya masa, kuma ban ga laifin kowa ba.

Ku matasa masu zane, ku riƙe wannan: ma'auni yana nuna iyakar fili ne kawai, ba ya nuna haƙƙin waɗanda ke bi ta cikinsa. Ku tambaya kafin ku ja layi.

Da na je hutu gida, na zaga bayan gonar mahaifina neman burtalin da shanu ke bi zuwa rafi, wanda mahaifin nawa ya hana mu nomewa tun muna yara. Jerin shaguna na tarar.