Wasan Tsohon Girka da Aka Katse a Louis

Ni tela ne, kuma a shagona na unguwar Oloumi, a birnin Libreville na ƙasar Gabon, na san tsohon nan ɗan ƙasar Girka. Wata kwat ya kawo da ta yage a gwiwar hannu, na gyara, daga nan ya mai da bencina wurin shan iskarsa. Baba nake ce masa. Da Faransanci muke hira, nawa gurgu, nasa ma ɗingishi yake yi.

A bakinsa na fara jin kalmar opera. Ya ce wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa, ko ruwa mutum zai roƙa sai ya rera. Na yi dariya har na kusa soke yatsa. Shi kuwa sana'arsa ke nan tun yana saurayi. A wani tsibiri aka haife shi, ya yi karatun kiɗa a Italiya, ya koma gida ya tsara wasan da aka nuna a babban birninsu, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa. Sai aka sauya shugaban gidan wasan, sabon ya ce kiɗansa tsohon yayi ne. Duk inda ya nufa sai a ce ya dawo wata rana. Mijin ƙanwarsa, mai gidan burodi a Libreville, ya kira shi ya zo ya huta. Zaman da ya yi ke nan har furfura, yana koya wa 'ya'yan masu hali kiɗan fiyano a unguwar Okala.

Amma bai daina tsarawa ba. Wasansa na ƙarshe labarin matar wani masunci ne da mijinta ya shiga teku bai dawo ba, ita kuma ta ƙi karɓar gaisuwar mutuwa. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta ce za ta ɗauki nauyi a nuna shi a bikinta na shekara, a wani babban zaure a unguwar Louis. Ya zo shago ya faɗa mini.

"Kai za ka ɗinka kayan," in ji shi.

"Baba, ni kaftani na sani, sai riga da zane."

"Su nake so. Ka taɓa ganin masunci da kwat?"

Ya tattaro mawaƙa daga majami'u, ya samo wata ma'aikaciyar jinya 'yar Gabon ta fito a matar masuncin. Wata da watanni suna gwaji bayan an tashi daga aiki. Da na je auna su na tarar tana rerawa. Ban fahimci kalma ko ɗaya ba, amma na tuno kukan innarmu ranar da aka ce mota ta kife da yayana.

Ranar biki, babban baƙo bai zo da wuri ba. Mawaƙa suna tsaye a bayan labule, gumi ya jiƙa ɗinkina. Da ya iso aka shiga jawabai, wannan ya yabi wancan, wancan ya rama. Sai da aka fara raba abinci sannan aka ce Baba ya fara. Cokula na ƙara, ana shewa. Wani kusa da ni yana ta masifa a waya kan kayansa da suka maƙale a tashar jirgin ruwa.

Duk da haka suka ci gaba. Matar ta tako gaba za ta rera babbar waƙarta, ta ja numfashi ke nan, sai mai gabatarwa ya haye dandamali da makirufo.

"Mu tafa wa abokinmu ɗan Italiya!"

Ko ƙasarsa bai sani ba. Wai babban baƙo na sauri, dole ya buɗe rawa kafin ya tafi. Aka saki kiɗa a lasifika, matar na tsaye baki buɗe.

Na tari mai gabatarwar a gindin matakala na ce, "Ranka ya daɗe, wasan bai ƙare ba."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa ya lura? Mun ba tsoho dama, ya gode Allah."

Faransancina ya ƙare a nan. Na koma Hausa, na faɗa masa abin da har yau ban yi nadama ba, masu gadi suka fitar da ni. Ta ƙofa na hango Baba ya rufe fiyano, yana bin mawaƙansa ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Shi aka wulaƙanta, shi ke ba da haƙuri!

Mawaƙan suka ce za su sake wasan a zauren wata majami'a, ya yarda. Kafin a tsai da rana ciwo ya kwantar da shi, 'yar ƙanwarsa ta zo ta tafi da shi Girka. Can ya rasu.

Bayan shekara, mai gabatarwar ya shigo shagona da yadi, wai in ɗinka wa shugabanninsu anko na bikin bana. Bai ma gane ni ba. Na naɗe masa yadinsa na miƙa, na ce teloli sun yi yawa a Oloumi, ya ƙara gaba.