Babur Ɗin da Yake Mutuwa In Wana Ya Hau

Assalamu alaikum. Ina roƙon mai kula da wannan shafi ya ba ni wuri in faɗi abin da ya faru tsakanina da ɗan'uwana, ko Allah zai sa wani ya karanta ya tsaya tun bai kai inda na kai ba.

A shekarun farko da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ina zaune a ƙauyenmu na ƙasar Maiyama, ba nisa da Giwa Tazo. Magidanci ne ni mai ƙaramin iyali. Da damina in noma gero da dawa, da rani in yi albasa a fadama, in hannu ya huta kuma in kwafi littattafai da ajami ga masu buƙata. Abin da ya fi kome daraja a idona cikin abin da na mallaka shi ne tsohon babur ɗin mahaifinmu, irin mai nauyin nan da tun a lokacin an daina shigo da shi. Da aka raba gado, shanun huɗa suka faɗa hannun wana, babur ya faɗo hannuna. Wan nawa mutum ne mai jiki sosai, mai fara'a da barkwanci, kuma bai taɓa ɓoye cewa shi ya so babur ɗin ba. Yakan ce a gaban mutane tun ban iya ɗaura wando ba yake wanke babur ɗin, yau ga shi auta ya hau ya bar shi da shanu masu cin dusa. A yi dariya, ni ma in yi.

Ina kula da babur ɗin nan kamar yadda na ga mahaifinmu yana yi. Kowace safiyar Juma'a in kwance fulogi in goge shi, in duba baƙin mai, in ɗiga wa cen, wato sarƙarsa, mai, in share kwantak, wato ɗan ƙarfen da ke sakar wa fulogi wuta, da sanfefa in daidaita bakinsa da ɗan kwali. Sai dai tsufa ya kama wutarsa. Fitilarsa ba ta fi aci-bal-bal ba, hon ɗinsa kamar akuya mai mura, kwantak ɗin irinsa kuma ya yi wuya a kasuwa. Wani rewaya a Jega, wato mai gyaran wutar ababen hawa, ya ba ni shawara a cire kwantak gaba ɗaya a sa wata 'yar baƙar akwatin wuta irin ta sababbin babura, a canja batir zuwa babba, a sa ƙwayayen fitila da suka dace da shi. Na daɗe ina jinkiri, don ina ganin kamar zan taɓa amanar mahaifina. Daga baya na yarda. Aka yi aikin, babur ya koma kamar saurayi, kik ɗaya ya tashi, hon ɗinsa har kaji ke watsewa.

Ba a daɗe da haka ba, ana tsakiyar cirar albasa, wana ya faɗo daga kan amalanke ya karye a ƙwauri. Muka kai shi Aliero a motar kasuwa wurin wani dattijo mai ɗori. Ya zauna can har ƙashi ya fara kamawa, sannan dattijon ya sallame shi da sharaɗi: kowane mako a dawo da shi a kwance karan ɗori, a duba, a sake ɗaurewa, domin ƙashin mai jiki in ba a bi shi ba yakan kauce. Mota ba ta shigowa ƙauyenmu sai ranar kasuwa, ita ma ba kullum ba. Ni ke da babur, don haka ba wanda ya tambayi wa zai riƙa kai shi.

Tafiyar farko, ba mu kai bakin kwalta ba, muka faɗa wani rami, babur ya mutu mus kamar an hure fitila. Na taimaka masa ya sauka ya jingina da bishiya, na buga kik, nan take ya tashi. Ya hau muka ci gaba. Kafin Jega ya sake mutuwa, bayan Jega ma haka. Kowane tsayi sai an sauko da mai karaya an sake ɗora shi, yana cije baki yana zufa, amma yana ba'a. Ya ce babur ɗin ya gane maigidansa na gaskiya ne ya hau, shi ya sa yake durƙusawa yana gaisuwa.

Zargina na farko a kan rewaya ya sauka. Na raya a zuciyata ya cire kwayil ɗin wuta na asali na mahaifina ya sa mani na banza. Na je Jega ni kaɗai, babur bai ko yi tari a hanya ba. Mutumin ya duba batir, ya kwance fulogi ya nuna mani wuta shuɗiya tana tsalle, ya hau ya zagaya kasuwa ya dawo, ya ce shi dai bai ga cuta ba, kuma likita ba ya yi wa mai lafiya allura. Na tafi ban yarda da shi ba. Sai na koma kan mai sayar mani da fetur a galan, don lokacin mai yana wahala, ana yawan gauraya shi da kananzir. Na zubar da wanda ke tanki, na wanke kafireta, na canja wurin saye. Mako ya zagayo, wana ya hau, babur ya mutu.

Daga nan na fara lura da abin da na so a ce ban lura da shi ba. Na kai maiɗakina unguwa a kan babur ɗin nan, lafiya lau. Na ɗauki limaminmu, dattijo siriri, zuwa wata jana'iza a Alelu, muka je muka dawo ko gezau. Mutum ɗaya ne in ya hau babur ke mutuwa, in ya sauka ya tashi. Kuma mutumin nan shi ne wanda ya so babur ɗin tun ranar rabon gado. Shaiɗan bai kawo mani ƙarya ko ɗaya ba, abubuwan da suka faru da gaske ya jera mani, ya bar ni in haɗa da kaina.

Na karkata madubin hagu yadda zan riƙa ganin hannunsa. Na ga hannu ɗaya yana riƙe da kariyar ɗora kaya ta baya, kusa da inda wayoyi suke, sai na ce wata waya yake ja. Na ce masa ya riƙe kafaɗata da hannu biyu, ya riƙe, yana cewa yau auta ya tuna da zumunci. Babur ya mutu duk da haka. Sai na ga a madubi bakinsa yana motsi duk lokacin da muka tunkari rami. Yau na san salati yake yi saboda zafin da ƙafar za ta yi in an girgiza ta. A ranar kuwa cewa na yi wani abu yake karantawa. Na shiga tuna tsofaffin maganganunsa ina juya su, ba'ar da na yi shekaru ina yi wa dariya duk ta koma mani shaida. Na daina barin babur a zaure, na shigar da shi ɗakin da nake rubutu na sa kwaɗo. In matarsa ta aiko mana da fura sai in ce na ƙoshi. Abin da ya fi ba ni kunya, na riƙa karanta ayoyin tsari ina tofa wa babur kafin ya hau, ina neman tsari da Allah daga ɗan uwata da ubana, shi kuwa yana tsaye da sanda yana cewa amin.

Maiɗakina ta lura. Ta ce mani ita ba ta san kan babur ba, amma ta san Yaya, kuma mai karaya da ke neman a kai shi magani ba zai kashe abin hawansa da kansa ba. Na ce mata mata ba su san abin da gado ke sa wa a zukatan maza ba.

Ranar da abin ya fashe, muna tsakanin Jega da Aliero ne da hantsi, rana ta fara zafi. Babur ya mutu, na sauke shi, ya tashi, na ɗora shi, ba mu yi nisa ba ya sake mutuwa. Wana ya zauna a gindin wata bedi, wato dogon yaro, ya miƙe ƙafa, ya ce cikin dariya tunda babur ya ƙi ni, in ba shi abinsa in karɓi shanu, kowa ya huta. Maganar da na daɗe ina jira ke nan. Na ce masa ai na san can aka dosa, na san abin da yake karantawa a bayana, kuma in babur ɗin ne yake so da ya roƙa a fili da ya fi masa wannan hanya. Ya dube ni har na ji nauyin idonsa. Bai yi rantsuwa ba, bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni kawai, yana kirana Malam, sunan da bai taɓa kirana da shi ba, ko da gaske abin da ke zuciyata ke nan. Na ce shi ne. Ya ce to in hau in tafi, kada ya ƙara ɓata mani dukiya. Ni kuma na hau. Kik ɗaya babur ya tashi, na ɗauki wannan ma a matsayin hujja. Daga baya na ji wata motar a-kori-kura ce ta masu albasa ta kai shi Aliero a kan buhuna.

Bai gaya wa kowa abin da ya shiga tsakaninmu ba. In an tambaye shi sai ya ce babur ɗin auta ya tsufa, ba ya ɗaukar ƙattai. Ya riƙa jiran motar kasuwa, wani makon ta zo, wani makon ba ta zo ba, wani lokaci ta zo a cike. Zuwansa wurin mai ɗori ya yi ta tsallake. Ina gani daga ƙofar gidana yana zaune bakin hanya da sandarsa har rana ta take ya koma, babur kuwa yana kulle a ɗaki. Lokacin da aka kwance karan ɗori na ƙarshe, ƙashin ya riga ya kama a karkace. Dattijon ya ce sai dai a sake karyawa, kuma a shekarunsa da jikinsa bai ba da shawarar haka ba.

Bayan an kwana biyu, albasa ta yi daraja, na so in kai babban buhu Jega. Ba na ɗora wa babur ɗin kaya sai a kariya, amma buhun ya fi ƙarfinta, sai na kwantar da shi a kan sit na baya, wurin zaman fasinja, na ɗaure. Ramin farko da na faɗa, babur ya mutu. Na sauke buhu don in duba, na buga kik, ya tashi. Na mayar da buhu, na ɗan matsa gaba, ya mutu. Na tsaya a tsakiyar hanya ina kallon buhun albasa, wanda ba shi da baki balle ya karanta wani abu, ba shi da rabo a gadon mahaifina. Na ɗauko sifana ta kwance noti.

Na kwance sit. Wayar da ta taso daga baƙar akwatin nan zuwa makulli, wadda aikinta kashe inji in ta taɓa ƙarfe, tana kwance a kan ƙarfen jikin babur, daidai inda gindin sit ke sauka. Robarta ta cinye, jan ƙarfen ciki yana ƙyalli. In mai nauyi ya zauna aka faɗa rami, sit ya danne ta a kan ƙarfe, wuta ta ɗauke. In ya sauka ta saki. Kuma ba rewaya ya ajiye ta a wurin ba. Shi ta gefe ya bi da ita, tana ɗan lilo. Ni ne da na dawo gida na ga ba ta yi mani kyau a ido ba, na ɗaga ta na miƙar na ɗaure a sama da zaren roba, yadda nake son layi ya miƙe a takarda, na manta. Gyaran bai fi a naɗe ta da salatif a mayar da ita gefe ba.

Ban kai albasar Jega ba. Na juya na nufi gidan wana, na same shi a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na durƙusa na faɗa masa kome, har da madubi, har da tofi, har da furar da na riƙa mayarwa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce ashe dai duk laifin tuwon matarsa ne, ya yi 'yar dariya gajera. Ya ce ya yafe mani duniya da lahira, kuma kada in sake tada maganar, don ba ya son 'ya'yanmu su gaje ta. Na roƙe shi ya karɓi babur ɗin. Ya ce me gurgu zai yi da abin da ake tayarwa da ƙafa. Ya koma kirana auta, ya ci gaba da ba'arsa, amma har Allah ya karɓi ransa bai sake hawa bayana ba. In na tsaya na ce ya zo in rage masa hanya, sai ya ce likita ya ce ya riƙa motsa ƙafar.

Shekarun da suka rage masa, a zaune yake sallah a ƙarshen sahu, ƙafar a miƙe gabansa don ba ta lanƙwasuwa. Ni nake tsayawa kusa da shi. Duk sujadar da na yi, ƙafar nan ce abu na ƙarshe da nake gani kafin goshina ya taɓa ƙasa.

Na karanta tun ina ƙarami cewa wani sashe na zato zunubi ne, na rubuta shi da hannuna ban san iyaka ba, amma ban san yadda yake shigowa ba. Ba da kamar mugunta yake zuwa ba. Yana zuwa ne kamar basira, mutum ya riƙa jin shi kaɗai ya gano abin da ya ɓuya ga kowa. Duk abin da na lura da shi gaskiya ne, fassarar ce tawa, kuma na zaɓi wadda ta wanke ni ta shafa wa wani. Na zargi mai gyara, na zargi mai mai, na zargi ɗan'uwana, hannun da ya ɗaure wayar ne kaɗai ban tuhuma ba.

Ina kira ga duk wanda abinsa ya lalace, babur ne ko kasuwa ko zaman gida, ya fara bincika inda hannunsa ya taɓa kafin ya ɗaga ido ya dubi mutum. In kuma zato ya riga ya shiga, kada ya hana wanda yake zargi abin da lafiyarsa ta rataya a kai, ya bari sai ya tabbatar. Yafiya ana samunta, ni shaida ne, amma ba ta miƙar da ƙashin da ya kama a karkace. Wanda ya karanta wannan ya sa wana cikin addu'a, ni kuma ya roƙa mani Allah ya karɓi tubana.