Abin Da Na Yi Wa Ƙanena A Kogon Teku

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, ni matashin ɗan kasuwa ne mai ji da kansa. Ina saro riguna a kasuwar Shisanhang ta birnin Guangzhou ina kaiwa Kano. Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, yana karatu a garin, shi ne bakina shi ne kunnena wajen ’yan China. A lokacin kaya sun yi wuya, duk shagon da ka shiga sai a ce "mei yo", wato babu. Zaman jira ya ishe ni, sai ƙanen nawa ya kawo shawarar mu bi motar ’yan yawon buɗe ido zuwa bakin teku, inda ake shiga da mutane wani kogo su kalli kifaye. Ya ce ko wanda bai iya ruwa ba ana shiga da shi.

Ni ko kududdufi ban taɓa shiga ba. Da muka isa, jagoran masu shiga kogon ya ba mu rigar hana nutsewa, da gilashin fuska, da bututun da ake numfashi da shi ta baki. Ya nemi in tsaya a gaɓa in saba da bututun tukuna. Na ga mata da tsofaffi sun wuce, sai na ce wa ƙanena ya gaya masa ni ba yaro ba ne. Ƙanen nawa ya yi ta roƙona, yana cewa Yaya a bi a hankali, na daka masa tsawa.

Da farko abin gwanin sha’awa. Muna riƙe da igiya, jagoran yana jan mu, kifaye suna gilmawa a ƙarƙashinmu. Muna kaiwa tsakiyar kogon, sai wani toroƙon ruwa ya shigo ya maka mu da dutse. Ruwan gishiri ya cika bututuna, na shaƙe shi har ƙirji. Daga nan hankalina ya gushe. Na saki igiyar na cafki wanda ke kusa da ni, ashe ƙanena ne. Na shaƙe masa wuya, na danna kansa cikin ruwa, na hau kafaɗarsa kamar tsani. Ya yunƙuro ya shaƙi iska, na sake danna shi, ina harbinsa da gwiwa, har kansa ya bugu da bangon kogon. Da jagoran ya zo ɓamɓare ni na gantsara masa cizo a hannu. Sai da ya kirɓa min naushi a hanci, jini ya ɓalle, sannan na saki.

A cikin kwalekwalen da aka tsamo mu da shi na dawo hayyacina. Ƙanena yana kwance, ana danna masa ƙirji, jini na bin kunnensa. Allah ya yi da sauran kwana, amma kunnen nan na hagu bai ƙara ji da shi ba. Da muka koma gida Hajiyarmu ta tambaya, ya ce mata zamewa ya yi a kan dutse. Har Allah ya karɓi ranta bai sauya magana ba.

Na gane cewa tsoro yana iya mai da mutum dabba, har ya nemi ran ɗan’uwansa bai sani ba. ’Yan’uwa, in ba ku iya ruwa ba ku faɗa, ku tsaya a koya muku, girman kai ba ya hana nutsewa. Ni dai har yau, in zan yi masa magana, sai na zagayo ta damansa.